Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Bin Sawun Wasan Kwaikwayon da Ya Ɓace

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun adabin Ingilishi a jami'a, kuma malaminmu ya gaya mana cewa akasarin wasannin kwaikwayon da aka yi a Landan a zamanin Shakespeare sun ɓace, amma duk da haka masana suna iya faɗin sunayensu da ranakun da aka yi su, har da kuɗin da aka samu. Wannan ya ɗaure mini kai. A cikin karatuna na ci karo da sunan wani wasa wai shi "Muly Mollocco". Shin labarin ƙasar Maroko ne? Ya ɓace ne, ko yana nan da wani suna dabam? Kuma ta wace hanya ake tabbatarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Maganar malaminku haka take. Masana sun ƙiyasta cewa an rubuta wasanni kimanin 3,000 domin gidajen wasan Landan tsakanin 1567 da 1642, shekarar da majalisar dokokin Ingila ta rufe gidajen wasan, kuma waɗanda suka iso gare mu ba su kai 600 ba. Dalilin ɓacewar ba boyayye ba ne. Marubuci yakan sayar wa ƙungiyar 'yan wasa rubutunsa, ya zama mallakarsu, su kuwa abin da ya dame su shi ne taron 'yan kallo, don haka kaɗan ne daga cikin wasannin suka kai ga maɗaba'a. Wanda ba a buga ba ya zauna a rubutun hannu, wuta ko ruwa ko sakaci suka ci shi.

Abin da ya sa ake sanin sunayen ɓatattun shi ne takardun kasuwanci da na hukuma, waɗanda ba domin adabi aka rubuta su ba. Mafi daraja a cikinsu shi ne littafin lissafin Philip Henslowe, marini kuma mai ba da bashi da jingina, wanda ya gina gidan wasa na Rose a kudancin kogin Thames a 1587. Daga Fabrairun 1592 ya riƙa rubuta sunan wasan da aka yi kowace rana da kason da ya shiga aljihunsa, daga baya kuma ya riƙa rubuta bashin da ya ba 'yan wasa domin sayen sutura da biyan marubuta. Littafin ya tsira ne saboda Edward Alleyn, shahararren ɗan wasan da ya auri agolar Henslowe, ya kafa makarantar Dulwich a 1619, takardun iyalin suka zauna a can har yau. Misali, a ranar 3 ga Maris 1592 Henslowe ya rubuta "harey the vj", wato wasan Sarki Henry na Shida, ya sa alamar "ne" a gefensa, wadda akasarin masana ke ɗauka tana nufin sabon wasa, ya kuma rubuta cewa ya samu fam 3 da sule 16 da kwabo 8. Layi ɗaya ke nan, amma ya ba mu suna da rana da girman taron. Ki lura kuma cewa Turawan Ingila na lokacin suna fara ƙirga sabuwar shekara ne daga 25 ga Maris, don haka abin da Henslowe ya rubuta a Fabrairu da farkon Maris ya sa masa 1591, alhali a lissafinmu 1592 ne. Wanda bai san wannan ba zai yi kuskuren shekara guda cur.

Sai mu zo kan wasan da kika tambaya. Sunan ya bayyana a littafin Henslowe tun makon farko na lissafin, a Fabrairun 1592, a cikin wasannin ƙungiyar Lord Strange, wato 'yan wasan da ke ƙarƙashin wani basarake mai wannan suna, kuma an maimaita shi fiye da sau goma zuwa Janairun 1593. Henslowe ba ya tsayawa kan ƙa'idar rubutu ɗaya, yau ya rubuta shi haka, gobe ya rubuta shi dabam. Bai sa masa alamar "ne" ba, wanda ke nuna cewa tsohon wasa ne da 'yan kallo suka riga suka sani.

Kalmar "Mollocco" ta yi kama da Maroko a kunne, kuma labarin a Maroko ya faru, amma sunan mutum ne. "Muly" shi ne Maulaya, laƙabin sarakunan ƙasar, "Mollocco" kuwa yadda bakin Turawa ya juya sunan Abdulmalik ne. Maulaya Abdulmalik shi ne sarkin daular Sa'adawa wanda ya kara da Sarki Sebastian na Fotugal a ranar 4 ga Agusta 1578 a Wadil Makhazin, kusa da garin Al-Ƙasrul Kabir, wanda Turawa suka mayar da shi Alcazar. Sebastian ya zo ne da sunan taimaka wa Muhammad al-Mutawakkil, ɗan ɗan'uwan Abdulmalik da aka tuɓe daga sarauta. Sarakuna uku suka rasu a rana ɗaya: Sebastian a fagen fama, al-Mutawakkil ya nutse a kogi yana gudu, Abdulmalik kuwa, wanda ya fito yaƙin yana fama da rashin lafiya, ya cika kafin a tashi. Ƙanensa Ahmad al-Mansur ya gaje shi, kuma shi ne sarkin da rundunarsa ta tsallaka Sahara ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, ƙasa da shekara guda kafin Henslowe ya rubuta wannan suna a littafinsa. Labarin yaƙin ya girgiza Turai, kuma Turawan Ingila suna da nasu dalilin sha'awarsa, domin wani ɗan ƙasarsu mai suna Thomas Stukeley ya mutu a cikin rundunar Sebastian.

To, akwai wasan da ya tsira wanda ke ba da labarin wannan yaƙi, sunansa The Battle of Alcazar. An buga shi a 1594 ba tare da sunan marubuci ba, amma wani kundin waƙoƙi na 1600 ya kawo wasu layukansa ƙarƙashin sunan George Peele, shi ya sa ake danganta masa shi. Tambayar da masana suka daɗe suna jayayya a kanta ita ce taki: shin "Muly Mollocco" na Henslowe shi ne wannan wasa, ko kuwa wani ne dabam da ya ɓace?

Masu cewa wasa ɗaya ne suna da hujjoji masu nauyi. A cikin wasan da aka buga ana kiran Abdulmalik da wannan suna na Muly Molocco. Henslowe kuma yana da ɗabi'ar kiran wasa da sunan wani jarumi a cikinsa maimakon sunan da ke bangon littafi, kamar yadda yake rubuta "Jeronimo" a wurin wasan Thomas Kyd da aka sani da The Spanish Tragedy. Lokaci ma ya dace, domin ana ganin an rubuta wasan Peele wajajen 1588 ko 1589, don haka a 1592 ya zama tsohon wasa, daidai da rashin alamar "ne".

Masu musu su ma ba da ka suke magana ba. Bangon bugun 1594 ya ce ƙungiyar Admiral, wato 'yan wasan da ke ƙarƙashin shugaban rundunar ruwan Ingila, ce ta yi wasan, alhali Henslowe ya rubuta "Muly Mollocco" a lissafin ƙungiyar Lord Strange. Ana amsa wannan da cewa Alleyn yana wasa tare da mutanen Strange a 1592 duk da yana ɗauke da sunan bawan Admiral, kuma wasanni suna bin manyan 'yan wasa daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce ta jarumi. Akwai wata takarda da ta tsira a Ɗakin Karatu na Birtaniya, irin wadda ake ratayewa a bayan dandamali domin kowane ɗan wasa ya san lokacin shigarsa, ta wani karo da ƙungiyar Admiral ta sake yin The Battle of Alcazar wajajen ƙarshen ƙarni na 16. Takardar ta nuna cewa Alleyn, wanda shi ne tauraron ƙungiyar, ya fito ne a matsayin Muly Mahamet, wato al-Mutawakkil. Idan Henslowe zai kira wasan da sunan jaruminsa, me zai sa ya tsallake wanda surukinsa ke fitowa a matsayinsa ya ɗauki Abdulmalik? Ga shi kuma labarin Alcazar bai tsaya kan wasa ɗaya ba. A Disambar 1596 Henslowe ya rubuta sabon wasa game da Stukeley, kuma an buga wani wasa mai sunansa a 1605. Tunda kasuwa ta ɗauki wasanni biyu a kan yaƙi ɗaya, babu abin da zai hana ta ɗaukar na uku.

Idan ra'ayina kike so, na fi karkata ga cewa wasa ɗaya ne, saboda suna da lokaci da alaƙar Alleyn sun haɗu a wuri guda, kuma Henslowe mutum ne mai rubuta abin da ya fi saurin zuwa masa a baki. Amma idan za ki rubuta wannan a takardar jarrabawa ko a bincikenki, ki ce "mai yiwuwa ne", ki kawo hujjar takardar bayan dandamali, domin babu wata takarda ta zamanin da ta haɗa sunayen biyu a layi ɗaya. Ina jin zafin yadda wasu littattafan makaranta ke shafe irin wannan jayayya, su miƙa wa ɗalibi zato a matsayin tabbas, alhali a cikin auna hujjojin ne ɗalibi ke koyon aikin.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ki kiyaye shi ne bugun littafin Henslowe da kike amfani da shi. John Payne Collier, wanda ya buga shi a 1845, ya cusa layukan ƙarya da hannunsa a cikin ainihin littafin domin su goyi bayan ra'ayoyinsa. George Warner ya fallasa su a 1881 lokacin da ya tsara jerin takardun Dulwich, sannan W. W. Greg ya fitar da ingantaccen bugu daga 1904. Bugun Foakes da Rickert na 1961 shi ne wanda masana suka fi dogara da shi a yau.

Tambaya daga wani malamin sakandare a Katsina: Malam, shin an taɓa samun wata sabuwar takarda da ta warware irin wannan jayayya a kan wani ɓataccen wasa, ko kuwa kullum a zato ake ƙarewa?

Amsa: An taɓa samu, Malam, ko da yake ta warware rabin matsalar ne. A 1598 wani marubuci mai suna Francis Meres ya jera wasannin Shakespeare guda 12, a cikinsu har da Love's Labour's Won, wanda babu wanda ya taɓa ganin kofensa. Saboda The Taming of the Shrew ba ya cikin jerin Meres, masana da yawa suka ɗauka cewa shi ne ake nufi da wancan suna, kuma wannan ra'ayi ya daɗe yana da magoya baya. A 1953 wani dillalin tsofaffin littattafai a Landan, Solomon Pottesman, ya ga wata tsohuwar takarda da aka yi amfani da ita wajen ɗinkin bangon wani littafin wa'azi. Da aka duba sai aka ga jerin hajar wani mai sayar da littattafai ne, Christopher Hunt, na watan Agustan 1603. A cikin jerin akwai "taming of a shrew" a layinsa, akwai "loves labor lost", sannan akwai "loves labor won" a nasa layin. T. W. Baldwin ya buga takardar tare da bayani a 1957. Ta raunana tsohon zaton ƙwarai, tunda mai shago ya jera sunayen biyu a matsayin haja dabam-dabam, kuma ta nuna cewa an buga wasan har ya kai ga kanti. Har yanzu wasu masana na ganin wani suna ne na ɗaya daga cikin wasannin Shakespeare da muke da su, wasu kuma na ganin ci gaban Love's Labour's Lost ne da ya ɓace, kuma kofen da Hunt ya lissafa a shagonsa bai fito ba tukuna.