Gasket na Jan Ƙarfe: Wa Ya Dace da Shi, Kuma Yaya Ake Ɗaura Shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da mota mai inji lita 2 wadda na ƙara wa turbo ɗinta (na'urar da ke cusa wa inji iska) matsin iska fiye da yadda kamfani ya tsara. Sau biyu ke nan gasket ɗin kan silinda yana ƙonewa. An ba ni shawarar in sayi na jan ƙarfe, wai shi ba ya ƙonewa. Ita nake hawa kullum, sai lokaci zuwa lokaci nake kai ta filin tsere. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa maka. Gasket ɗin da ke tsakanin kan silinda da bulok aiki uku yake yi a lokaci guda: yana tare matsin wutar da ke tashi a cikin silinda, yana hana ruwan sanyaya inji fita daga hanyoyinsa, yana kuma hana man inji yoyo. Jan ƙarfe gwani ne a aikin farko, domin ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 1,085 a ma'aunin Selshiyos, kuma yana kwashe zafi daga wuri guda ya baza shi da saurin da ya ninka na ƙarfe mara tsatsa fiye da sau ashirin. A sauran ayyukan biyu kuwa rago ne. Faranti ne kawai mai laushi wanda ba shi da tsalle, idan aka danne shi ba ya dawowa, saboda haka duk lokacin da inji ya yi zafi ya huce, kan silinda ya buɗe ya tsuke, sai ruwa ya sami 'yar kafar da zai tsattsafo.

Wannan ne ya sa aka fi ganinsa a motocin tseren gajeren zango irin na Amurka masu shan man tsere da ake kira nitrometan. Waɗannan injuna ba su da ruwan sanyaya ko kaɗan, kuma ana kwance su bayan kowane gudu, don haka raunin jan ƙarfe bai dame su ba. Motarka kuwa za ta tashi da sanyin safiya, ta tsaya a cunkoso, ta huce, ta sake yin zafi, sau ɗaruruwa a shekara. Abin da ya fi dacewa da irin wannan rayuwa shi ne gasket mai falle-falle na ƙarfe mara tsatsa, wanda ake kira MLS, domin fallayensa suna da tudu mai tsalle da ke bin kan silinda duk inda ya motsa, kuma an shafe su da roba siririya mai tare ruwa da mai. Sharaɗinsa shi ne fuskar bulok da ta kan silinda su yi sumul ƙwarai.

Akwai kuma abin da ya fi zaɓin gasket muhimmanci a wasiƙarka. Gasket ba ya ƙonewa sau biyu haka kawai. Ko dai kan silindar ya lanƙwashe, ko kusoshin suna miƙewa idan matsi ya hau har kan ya ɗan ɗaga, ko kuma man yana fashewa da kansa ba bisa tsari ba saboda lokacin tartsatsin fulogi ya yi gaba da yawa ko fetur ɗin ya yi wa iskar kaɗan. Idan na ƙarshen ne, gasket ɗin da yake ƙonewa fansar fistan ɗinka yake yi. Ranar da ka sa wanda ba ya ƙonewa ba tare da ka gyara saitin ba, ɓarnar za ta koma kan fistan da zobbansa, kuma wannan gyara ya fi na gasket nauyi nesa ba kusa ba. Ka fara da duba saitin kwamfutar injin da auna miƙewar fuskokin biyu, sannan ka sayi MLS tare da kusoshi masu ƙarfi.

Tambaya: Ni injin tsere zalla nake haɗawa, kuma na riga na sayi gasket na jan ƙarfe mai kauri inci 0.043. Makanikena ya ce a ɗora shi kamar kowane gasket a ɗaure da ƙarfi. Haka ne?

Amsa: A'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke asara. Farantin jan ƙarfe shi kaɗai yana raba nauyin ɗaurin a faɗin fuskar baki ɗaya, alhali a bakin silinda ake buƙatar nauyin ya taru. Dabarar ita ce a kai bulok ɗin wurin masu sassaƙa ƙarfe da inji, su yanka tsagi zagaye da kowace silinda, a dasa wayar ƙarfe mara tsatsa a ciki, galibi mai kauri inci 0.041, ta yadda za ta ɗan leƙo sama. Idan aka ɗaure kan silinda, wayar tana nutsewa cikin jan ƙarfen ta kafa katanga siririya wadda wuta ba ta iya ketarawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada leƙowar wayar ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gasket, wato a naka kimanin inci 0.010. Idan ta wuce haka za ta tokare kan silinda, sauran fuskar ta rasa matsi, ruwa ya yi ta zuba. Idan ta gaza kuwa ba za ta ciji jan ƙarfen ba. A injuna masu matsi sosai ana ƙara yanka wani tsagin a kan silinda daidai saitin wayar, wanda ya fi ta faɗi, domin jan ƙarfen ya shige ciki ya kulle. Dole tsagogin biyu su haɗu daidai, don haka aikin ba na ƙiyasi da ido ba ne. Bakunan wayar kuma a goge su su haɗu ba rata, a ajiye mahaɗar kusa da ɗaya daga cikin kusoshin, inda danniya ta fi yawa.

Kafin ɗorawa, a wanke fuskokin da gasket ɗin da abin da ke cire maiƙo, a fesa man liƙi na gasket a ɓangarorin biyu, siriri kuma daidai, a bar shi ya ɗan yi danƙo. Wasu suna ƙara ɗan silikon kaɗan a kewayen ramukan ruwa da na mai. Na ce kaɗan, domin na sha ganin wanda aka lafta har ya matse ya shiga hanyar mai. Ka kuma tabbata ramin gasket ɗin ya ɗan fi bakin silinda faɗi, saboda duk gefen da ya leƙa cikin ɗakin wuta zai yi ja ya riƙa kunna mai kafin lokaci.

Wajen ɗauri, kusoshin da ake dasawa a bulok a ɗaure da noti daga sama sun fi na kamfani, musamman ma da yake yawancin na kamfani an ƙera su ne su miƙe sau ɗaya, ba a maimaita su. A shafa wa zaren man da maƙerin kusoshin ya ambata, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe, a mataki uku ko huɗu. Sannan sai matakin da aka fi mantawa: a tayar da injin ya yi zafi ba tare da an wahalar da shi ba, a kashe shi ya huce sarai, a sake bin kusoshin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin farko. Jan ƙarfe yana kwantawa bayan zafin farko, kuma nauyin ɗaurin yana raguwa tare da shi.

Tambaya: Shin gaskiya ne ana iya sake amfani da shi idan aka gasa shi a wuta?

Amsa: Gaskiya ne, da sharaɗi. Jan ƙarfe yana taurara idan aka matse shi, kuma gashi har ya yi ja-ja yana mayar masa da laushinsa, ko an tsoma shi a ruwa ko an bar shi ya huce a iska, saɓanin baƙin ƙarfe da tsomawa ke taurara shi. Matsalar ita ce wutar hannu ba ta gasa faranti mai faɗi daidai, wani wuri ya yi laushi wani ya ƙi, kuma tana barin baƙin ɓawo da dole a goge shi tas. Sabon gasket yawanci a gashe yake zuwa, ba ya buƙatar komai. Tsohon kuwa a auna kaurinsa a wurare da dama, kuma idan sawun wayar ya yi zurfi ko ya goce, a ajiye shi.

Tambaya: Zan iya sayen mai kauri sosai don in rage matsin injina?

Amsa: Za ka iya, amma ka yi lissafi tukuna. A silinda mai cin sisi 500 (wato cc, ma'aunin girman cikin silinda) wadda ɗakin wutarta ya kai sisi 55, matsin yana kusan 10.1 bisa 1. Idan ramin gasket ɗin milimita 87 ne, ƙarin kauri na rabin milimita yana ƙara kusan sisi 3, matsin ya sauko zuwa kusan 9.6. Sai dai kaurin yana nisanta fistan daga fuskar kan silinda, kuma wannan 'yar tazarar ce ke dama mai da iska ta rage fashewar da kake gudu, don haka idan ragin da kake nema babba ne, canza fistan ya fi. Idan kuma kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, a saman kan silinda take kuma sarƙa ke juya ta, ƙarin kauri yana ɗan gusar da lokacin buɗewar bawul, sai an sake saita shi bayan ɗauri.