Kafin Ka Ƙara Sayen Makin Masaukin Hutu

Wani ɗan'uwa haifaffen unguwar Agege, wanda ya daɗe yana tuƙin mota a birnin Houston na Amurka, ya aiko mini da tambaya nan Legas: shin ya ƙara sayen makin masaukin hutu ko a'a? Shekaru huɗu da suka wuce ya sayi maki a wani kamfanin masaukan hutu, irin tsarin da mutum ke biya don ya riƙa samun wasu kwanaki kowace shekara a gidajen kamfanin. A watan jiya da ya kai iyalinsa birnin Orlando na jihar Florida, aka gayyace shi wani zama da aka ce na minti 90 ne, aka riƙe shi har azahar ta wuce, ana nuna masa cewa idan ya ƙara maki zai riƙa sauke Hajiya mahaifiyarsa da ƙannensa daga Legas duk shekara. Bai sa hannu ba, amma wakilin bai daina kiransa ba, shi kuma har ya fara tunanin taɓa kuɗin rufin gidan da yake ginawa a gida.

Malam, ka kyauta wa kanka da ka tashi daga teburin nan hannunka bai taɓa biro ba. Zaman da suke kira na yi wa masu mallaka bayani, zaman talla ne, kuma wanda ya zauna da kai kamasho yake ci a kan abin da ka saya. Shi ya sa ya tambaye ka sunayen yaranka, ya zana maka lissafi a farar takarda wadda bai bari ka tafi da ita ba, sannan da ka ce a'a ya kira babbansa ya zo da sabon farashi wai na ranar kaɗai. Farashin da aka ce ya ƙare ranar, shi ne ake binka da shi a waya har yau.

Abin da ya kamata ka auna ba kuɗin sayen ba ne kawai. Kowane maki yana ɗauke da kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara, ko ka je hutu ko ba ka je ba, kuma bisa al'ada hawa yake yi. Ka ɗauko takardun shekaru huɗun da ka biya ka jera su, za ka ga tafiyar da kanka. Yawancin irin wannan yarjejeniya ba ta da ranar ƙarewa ko kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa, don haka nauyin yana iya shiga cikin abin da magada za su tarar. Idan kuma kamfanin ne zai ba ka bashin sayen, kuɗin ruwansa ya kan zarce na bashin gida nesa ba kusa ba, wannan kuwa magana ce da ya dace ka kai wa malaminka kafin ka kai wa akanta. Wanda ya kasa biya, ana iya ƙwace makinsa a kuma ɓata masa tarihin bashi, abin da ka san yadda yake hana mutum haya ko mota a Amurka.

Sai batun Hajiya, wanda shi ne ya taɓa maka zuciya, kuma wakilin ya lura da haka. Maki ba ya ba kowa biza. Hajiya za ta je ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island ta amsa tambayoyi kamar kowa, kuma abin da jami'in yake dubawa shi ne hujjar cewa za ta dawo gida, ba ɗakin da ɗanta ya kama ba. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai ƙarewa bayan wata uku, alhali makonnin hutu masu farin jini sai an kama su watanni da yawa kafin lokaci. Ka ga ana iya kama ɗaki biza ba ta fito ba, makin kuma su ƙone idan ba a ɗage su zuwa wata shekara a kan kari ba. Na ma san Hajiyoyinmu na Agege: da za a ba ta zaɓi, da wuya ta fifita wurin wasan yara na Orlando a kan Umara.

Kada kuma ka nemi ƙannenka su sa hannu a biyan. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, kuma mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 bai kamata ya ɗauki alkawarin dala na shekara-shekara ba.

Idan har makin sun yi maka kaɗan da gaske, ka duba kasuwar na hannu, inda masu son rabuwa da nasu suke sayarwa da arha ƙwarai, wasu ma kyauta suke bayarwa don su huta da kuɗin shekara. Sai dai ka tambaya a rubuce waɗanne gata ne kamfanin ke cirewa daga makin na hannu. Hayar mako guda daga wani mai mallaka ita ma tana biyan buƙata ba tare da wani ɗauri ba.

In ma ƙaddara ta sa ka sa hannu wata rana, dokar jihar Florida ta ba ka kwana 10 ka soke cinikin, Nevada kwana 5, Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14. A rubuce ake sokewa, a aika ta gidan waya da rasit zuwa adireshin da ke cikin yarjejeniyar, ba a gaya wa wakili ta waya ba.

Idan ya sake kira, ka ce ya turo maka cikakkiyar yarjejeniyar da jadawalin kuɗin kula da gini na shekaru biyar da suka wuce, kuma ba za ka ƙara magana ba sai ka karanta. Kuɗin rufi kuma ka turo wa mai duba maka aikin a sayi kwano da katako tun yanzu, domin ruwan Yuni a Legas ba ya raga wa ginin da ke buɗe.