Tambaya da Amsa: In sayi gidan tirela a Amurka ko in ci gaba da haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Teksas da iyalina, haya ta ishe mu wallahi, duk shekara sai an ƙara mana. Wani abokin aikina ya nuna min gidan tirela mai ɗaki uku a unguwar da ake girke irinsu, da araha sosai, sai dai an ce filin ba na sayarwa ba ne, duk wata zan riƙa biyan hayarsa. Uwargida ta ce kar mu shiga, ni kuma na ƙyasa. Meye shawara?
Wani mai karatu, Teksas

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya uwargida ba ta yi ƙarya ba, kai ma ba hauka kake ba, sama da mutum miliyan 20 ne ke kwana a irin gidajen nan a Amurka, kuma in ka shiga sababbin ba za ka bambance su da gidan gini ba.

Matsalar ɗaya ce, gida naka ƙasa ta wani. A masana'anta ake ƙera shi a jawo da babbar mota, amma da zarar an cire tayoyi an ɗaure shi da ƙarfe a ƙasa an jona ruwa da wuta, to ya zauna ke nan, ɗaga shi sai dubban daloli, in mai faɗi ne sai an raba shi biyu, in kuma ya tsufa wata unguwar ma ba za ta karɓe shi ba. Mai filin ya san duk wannan sarai. Ranar da ya ƙara kuɗin haya ina za ka? Mai hayar ɗaki ya tattara kayansa ya ƙara gaba, kai kuwa ko ka biya, ko ka sayar a wulaƙance, wanda zai saya ɗin ma sai ofishin unguwar ya amince da shi. A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin zuba jari sun yi ta sayen unguwannin daga hannun masu su, sau da yawa kuma ƙarin haya ne ke biyo baya. Dokar Teksas ta tilasta wa mai fili ya ba ka yarjejeniyar farko ta aƙalla wata 6, amma ba ta ƙayyade masa iyakar ƙari ba.

In bashi za ka ci, banki kamar mota yake kallon gidan tunda ba fili, kuɗin ruwansa ya fi na gidan gini tsada.

In har ranka ya kwanta, kar ka tsaya kan abin da manaja ya faɗa maka. Je da yamma lokacin da mutane suka dawo aiki ka tambayi maƙwabta nawa suke biya shekara uku da suka wuce, nawa suke biya yanzu, shin shara da ruwan famfo na ciki ko daban, kuma ina suke fakewa in guguwa ta taso, don gidajen nan ba sa jure mata. Duba jikin gidan ta waje akwai wani ɗan ƙarfe mai jan launi da aka maƙala, shi ne shaidar an ƙera shi bisa ƙa'idar HUD, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, da ta fara aiki ranar 15 ga Yunin 1976, wanda ya girmi wannan ranar inshora ma wahala take yi. A ciki kuma taka ƙasan bayi da gindin tagogi da ƙarfi, in ka ji yana lotsawa ruwa ya riga ya ci katakon.

Ni dai in kuɗina ne, unguwar da mazauna suka haɗa kai suka sayi filin da kansu zan nema. A jihar Niyu Hamsha tun 1984 ake yin haka, ƙungiyar ROC USA kuma tun 2008 take taimaka wa mazauna a wasu jihohin, ka duba shafinsu ko akwai ɗaya kusa da kai kafin ka ba kowa kafin alƙalami.