Rangwamen Black Friday: in jira ko in shiga kasuwa?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, ina kuma ƙulla zoɓo da ƙanƙara ina sayarwa. Na kwashi adashe, ina son sayen firiza. Ƙanwata ta ce in jira Black Friday, wai kaya na faɗuwa warwas. In jira?

Amsa: Malama, barkanmu dai. Black Friday ɗin nan al'adar Amurka ce, Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shagunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, su suka yaɗa ta a nan, har ta tashi daga yini guda ta koma makonni.

Ragi dai ana yi, ba ƙarya. Amma farashin nan da ake ja wa layi a rubuta sabo a ƙarƙashi, mai kaya ne ya rubuta abinsa, ba ki san ko an taɓa sayarwa a haka ba. Saboda haka tun yau ki shiga babbar kasuwa, ki taya irin firizar da kike so a shago uku, ki rubuta a bayan littafin adashenki, ki haɗa da na intanet. Ranar rangwamen da wannan takardar za ki gwada, bayan kin ɗora kuɗin kawowa. Firiza ba ɗan kunne ba ce. Ɗauko ta daga Legas zuwa Kebbi na iya cinye ragin. Sannan a kasuwa a gabanki za a jona ta, ki ji kukan injinta, ki sa tafin hannu a ciki ki ji sanyi ya fara kamawa. In ta ba da matsala kin san ƙofar shagon.

Abin da na fi jiye miki shi ne ganin banza. Ni kaina na shiga neman dutsen guga, na fito da injin gasa burodi, ga shi can saman kwaba ko kwalinsa ban yaga ba. In ragin ya tabbata, ki sayi firizar kaɗai ki kashe data.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne a Argungu, yara shida. In jira rangwamen goman ƙarshe na azumi kafin in yi musu kayan Sallah?

Amsa: Alhaji, a goman ƙarshe mai shadda ba ya neman kowa, shi ake nema, tela ma ya daina karɓar ɗinki. Ka yanki yadi tun Rajab ko Sha'aban. Takalma kaɗai za ka bari sai Sallah ta matso, don ƙafar yaro ba ta jira. In kuwa akwai 'yan canji a hannu yanzu da kaka ta yi, ka fara da buhun gero da na shinkafa kafin 'yan sari su kwashe.