Sinanci ko Faransanci?

Tambaya: Malam, atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Yare ɗaya nake so in koya, Sinanci ko Faransanci?

Amsa: Alhaji, sau nawa kake zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin a shekara? Can ai da kalkuleta da tafinta ake gama ciniki. Amma masu ɗaukar dilarka daga Nijar, Cadi da Kamaru suke zuwa, takardun kwastan ɗinsu kuwa akasari da Faransanci ne. Ni kaina na taɓa yini a kan iyaka, hanyar Maraɗi, saboda takarda ɗaya da na kasa karantawa. Fara da Faransanci, haruffan boko ne da ka sani. Sinanci, hawa da saukar muryarsa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, rubutun ne ke cin shekaru.