Saniya ta riƙe nono, mai feshi ya kasa barci: amsar tambayoyinku

Wani ɗan'uwa makiyayi ya turo tambaya, wai saniyarsa da ta saba cika masa ƙwarya yanzu da an zo tatsa sai ta riƙe nonon, ga hantsa cike amma sai ɗigo-ɗigo, ko hannu aka sa mata?

Malam ba asiri ba ne, tsoro ne. Nono ba ya sauka sai ƙwaƙwalwa ta bada izini. In maraƙi ya fara tsotso, saƙo na tafiya sama, wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya saki sinadarin oksitosin cikin jini, shi ke matso nonon ya gangaro. Kuma aikinsa ba ya daɗewa, minti 5 zuwa 8 ne, shi ya sa in maraƙi ya janyo ka tsaya hira to ka yi asara. Da zarar an daka mata tsawa ko an kai mata sanda ko kare ya yi haushi a kusa sai jikinta ya zubo adirenalin, wato sinadarin da jiki ke saki in an firgita, jijiyoyin jinin hantsar su tsuke, oksitosin ɗin ya kasa isa. Ka duba me ya canja, sabon mai tatsa ne, ko turke aka sauya mata, ko tsagewa ce a kan nonon. Mutum ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, a hankali. In hantsar ta kumbura da zafi ko ka ga gudaji a nonon, wannan kuma na likitan dabbobi ne.

Ta biyun ita ta fi tayar min da hankali. Wani mai noman tumatir ya ce duk ranar da ya yi feshi sai ciwon kai, faɗuwar gaba, barci ya gagara. Ɗan'uwa kar ka raina wannan don Allah. Magunguna irin su dichlorvos da chlorpyrifos suna kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe sinadarin da ke tsayar da saƙon jijiya, sai saƙon ya yi ta bugawa ba birki, kuma irin wannan sinadarin kai ma kana da shi a ƙwaƙwalwarka. Wani babban bincike da aka fara a Amurka a 1993 kan manoman jihohin Iowa da North Carolina ya gano ciwon damuwa ya fi yawa ga waɗanda gubar feshi ta taɓa bugewa.

Ka daina dama magani da hannu, ka daina hura bakin famfo da baki in ya toshe, ka sa safar hannu da takunkumi, ka yi feshi da sassafe iska na bayanka, ka yi wanka da sabulu kafin ka ci ko goro. In ka ga yawu na zuba, gumi, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, bar maganar shan madara ko manja, ba sa karya gubar nan, a wuce asibiti nan take da robar maganin a hannu don likita ya san allurar da zai yi.