Amsa ga mai son zuwa Farin Ruwa ta cikin gonakin mutane

Malam, ka ce kai da abokanka kuna shirin zuwa Farin Ruwa ta Wamba a jihar Nasarawa, wato wurin da ruwa ke faɗowa daga kan dutse mai tsayi, an gaya muku hanyar ƙafa tana ratsa gonakin mutane, shi ne kake tambaya ko dole sai kun nemi izini, tunda ruwan Allah ne. Na sha zuwa wurin, rani da damina, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Ruwan kam ba wanda zai ce nasa ne. Akwai ma hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Amma kafin ka isa ruwan sai ka taka ƙasa, ƙasar nan kuwa tana da masu ita. Wasu za su ce maka ai dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna. Haka ne, sai dai dokar ba ta kori manomin karkara daga gonar da ya gada ba, kuma ba ta ba baƙo damar tattaka masa shuka ba. Saboda haka amsata ita ce: ku nemi izini, ko da babu shinge, ko da babu kowa a gonar.

Neman izinin ba wani dogon aiki ba ne. Idan kun taso daga Abuja, za ku bi Keffi, Akwanga, sannan Wamba. Daga nan akwai kusan kilomita 30 zuwa wajen ruwan, kuma ba hanya ce mai daɗi ba, musamman da damina. A ƙauyen da za ku bar mota, ku tambayi gidan mai unguwa. Ku yi sallama, ku gaisa sosai, a tambayi gida da aiki da ruwa, sannan babbanku ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo ganin ruwa, muna son a haɗa mu da wanda zai raka mu." Mutanen yankin suna da harsunansu, amma da Hausa za ku yi magana lafiya lau. Ku riƙe ɗan abin goro. Ku yi ciniki da ɗan rakiya tun kafin a tashi, a gaban mutane, kada a dawo ana ka-ce-na-ce.

Ɗan rakiyar nan shi ne rabin tafiyar. Shi ya san gonar wane ce wannan, ya san wace hanya mai gona ya yarda a bi, wace ya toshe bana. Shi zai ɗaga murya tun daga nesa ya ce "Sannunku da aiki, Baba!" sai ka ga fuskar mai gona ta saki. Idan kun ga an soke sanda a bakin hanya an ɗaura mata ganye ko tsumma, ko an gicciye reshen ƙaya, kada wani ya ɗauke ya wuce. Ku tambaya tukuna. Haka kuma akwai kurmin da mutanen gari ba sa son baƙo ya shiga saboda al'adarsu. Ba sai ka yarda da dalilin ba kafin ka kiyaye.

Abin da ya fi ɓata wa manoma rai, a iya ganina, tudun doya ne. Ɗan birni yana ganinsa tarin ƙasa kawai, sai ya hau kai don ya kauce wa taɓo. Alhali a cikinsa akwai irin da mutum ya saya da tsada, ya rufe shi da busasshiyar ciyawa saboda rana. Na taɓa ganin wani dattijo ya durƙusa yana gyara tudun da wasu samari suka rusa, yana tattara ƙasar da tafin hannunsa, bai ce musu uffan ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ku yi layi ɗaya, ku bi sawun na gaba. Kada a tsinki mangwaro ko a karya rake da sunan ɗanɗano. In kuna so ku saya, za su ji daɗi. Kada a ɗauki hoton mata masu wanki ko wanka a rafi. Ledar ruwa da robar lemo ku dawo da su cikin jakarku, don akuya da saniya suna haɗiye leda, tana kashe su.

Shi kansa ruwan, daga tsaunukan Filato yake gangarowa, yana faɗowa daga tsayin da ake ƙiyastawa mita 150. Daga nan ne haɗarin yake. Ana iya tafka ruwan sama can bisa tudu alhali ku kuna cikin rana, kafin ku ankara rafi ya cika. Da zarar kun ga ruwa ya fara yin ja, yana ɗauko ganye da ƙirare, ku fita ku hau tudu nan take. Duwatsun da feshin ruwa ke dukansu duk gansakuka ce, santsi gare su sosai, silifas ba zai yi ba, a sa kambas mai riƙe ƙasa. A sa riga mai dogon hannu da dogon wando, saboda ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, su ne ke yaɗa ciwon nan mai makantarwa. Kada kuma a cusa hannu cikin ramin dutse.

Idan ƙarfin ruwan kuke son gani, Agusta da Satumba ne, amma ni na fi ba da shawarar ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa yana nan da sauransa, hanya ta fara bushewa. Sai dai a lokacin nan amfanin gona ya nuna ko ana girbi, don haka taka-tsantsan ya ƙaru.

Batun tsaro kuma, ku tambayi direbobi a tashar Wamba a ranar da za ku tafi, kada ku dogara da labarin watan jiya. In sun ce a dakata, a dakata. Ku tashi da sassafe, ku bar bakin ruwa kafin la'asar, ku biya ta gidan mai unguwa ku shaida masa kun fito lafiya, domin shi ma yana lissafin mutum nawa suka shiga.